Kafin a ce za a wuni a Tarifa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani gari da sunansa ya fara yawo a bakin mutanenmu na Gombe da Bauchi, masu zuwa Maroko fatauci ko karatu, da masu zuwa Sifaniya taro ko ziyarar wuraren tarihin Andalus. Garin shi ne Tarifa, ɗan ƙaramin gari mai mutum kimanin 18,000, a can ƙurewar kudancin Sifaniya. Daga gaɓarsa zuwa gaɓar Afirka kilomita 14 ne a inda mashigin teku ya fi tsukewa, har idan sama ta washe mutum yana tsaye a Turai yana hango fararen gidaje a jikin tsaunukan Maroko. Wannan kusancin ne ya sa ake ce wa mutane abin ba wuya: ka karya kumallo a Tanja, birnin Maroko da ke bakin mashigin, ka ci abincin rana a Turai, ka dawo ka kwana a masaukinka. Gaskiya ne, kullum ana yi. Sai dai da sharaɗi ake yi, kuma masu ba da labarin ba su cika faɗin sharaɗin ba.

Mu fara da takarda, don ita ce ke mayar da mutum tun daga bakin jirgi. Bizar Maroko ba ta shiga da kowa Sifaniya. Mai fasfon Najeriya, ko awa uku zai yi a Tarifa, sai da bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama har da Sifaniya, irin wadda mai zaman wata uku zai nema. Tun daga 11 ga Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu, kuma in an hana ba a mayar da ko sisi. A gida ake nema, inda mutum yake zaune, ta cibiyar karɓar takardu ta BLS da ke Abuja ko Legas idan Sifaniya ce inda za a fi daɗewa. Wanda ya je Tanja a matsayin baƙo ba zai shiga ofishin jakadancin Sifaniya na can ya ce a buga masa ba. Ana iya miƙa takardu tun ana saura wata shida, ba a so kuma ya gaza kwana 15 kafin tafiya. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45, don haka mai hankali zai fara tun ana saura wata biyu ko uku. Za a nemi inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da fasfon da ya rage masa wata uku bayan ranar fita, wanda bai wuce shekara 10 da bugawa ba, mai shafi biyu da ba a taɓa ba.

Kuskuren da ya fi cin mutane yana cikin wani ɗan layi a jikin bizar, inda aka rubuta adadin shiga: 01, ko 02, ko MULT. Wanda yake Sifaniya da biza mai 01, ya ga jirgin Tanja a tashar Tarifa ya ce bari ya leƙa Afirka ya dawo, to da zarar an buga masa fita bizarsa ta ƙare, ko da kwanakinta ba su cika ba. Jakarsa tana masauki a Malaga, tikitinsa na komawa gida daga Madrid yake, shi kuma yana Tanja ba hanyar dawowa. Haka ma ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya shiga Maroko da bizar shiga ɗaya, ya hau jirgi zuwa Tarifa, ya cinye bizar Marokon ke nan, da yamma ba za a bar shi ya koma ba. Saboda haka mai niyyar tsallakawa ya dawo rana ɗaya sai ya duba bizoji biyu, ya tabbatar ƙasar da zai koma ya kwana ta ba shi izinin shiga fiye da sau ɗaya. Na daɗe a kan wannan ne domin ba kuɗi kaɗan ake asara ba, kuma ba wanda zai iya gyara shi a bakin iyaka.

Jami'in shige da fice na Sifaniya yana da ikon tambayar kuɗin guzuri. Ƙa'idarsu kashi 10 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin ƙasar a kowace rana, tare da wani mafi ƙarancin da ba a sauka ƙasa da shi komai gajartar ziyara. A shekarar 2025 lissafin ya kama yuro 118.40 a rana, mafi ƙarancin kuma yuro 1,065.60. Wato mai wuni ɗaya ma ana iya ce masa ya nuna fiye da yuro dubu, a tsabar kuɗi ko a kati tare da takardar banki. Ba kowa ake tambaya ba, amma wanda aka tambaya ya rasa ana iya mayar da shi. Ya riƙe tikitin komawa da takardar masauki a buge a takarda, kada ya dogara da waya. Mai ɗauke da yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan. Tun daga 12 ga Oktoban 2025 kuma ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a bakin iyaka, wanda ke ƙara tsawon layi, musamman ga mai shiga karo na farko.

Sai guzurin baki. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga wajenta. Kilishi, dambun nama, soyayyen nama, man shanu, duk sun shiga ciki, komai kyan ɗaurinsu. Za a karɓe a zubar, ana kuma iya cin tara. A bar kilishin a masauki a Tanja, a ci bayan an dawo.

Hanyar zuwa biyu ce. Mai tasowa daga Maroko, idan Kasablanka ya sauka, jirgin ƙasa mai gudu na Al Boraq, wanda aka buɗe a Nuwamban 2018, yana kai shi Tanja cikin awa biyu da minti goma. A Tanja tashar jiragen ruwa biyu ce, kuma a nan ma ana ɓata. Jirgin Tarifa daga Tanger Ville yake tashi, tashar da ke cikin gari a gindin tsohuwar kasuwa. Tanger Med kuwa tana gabas da nisan fiye da kilomita 40, jiragenta Aljesiras suke zuwa, wani birnin Sifaniya da ke gabas da Tarifa. Wanda ya ce wa mai tasi "tashar jirgi" kawai bai faɗi wacce ba, yana iya tsintar kansa a hanyar da ba ita ba. A isa awa ɗaya kafin tashi. Fiton kansa kimanin awa ɗaya ne, don Tanja ba a tsukakken wurin take ba, tafiyar ta haura kilomita 30, kusan Gombe zuwa Dadin Kowa. A wajen dawowa daga Tarifa, 'yan sandan Maroko a cikin jirgin suke duba fasfo su buga shiga. Da an hau a nemi teburinsu a shiga layi. Wanda ya zauna yana kallon ruwa ko ya yi barci, in an iso kowa zai sauka a bar shi yana jiran jami'i.

Mai tasowa daga cikin Sifaniya ya sani jirgin ƙasa ba ya zuwa Tarifa, a Aljesiras layin ya tsaya. Daga tashar San Bernardo ta Aljesiras bas ɗin kamfanin Comes yana kai mutum cikin minti talatin zuwa arba'in, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai a kan hanyar N-340, hanya mai hannu ɗaya kowane ɓangare, mai hawa da kwana-kwana. Daga Malaga kimanin kilomita 160 ne, kamar Gombe zuwa Bauchi: awa biyu a motar haya da mutum zai tuƙa, kusan uku a bas. Daga Sebiliya bas yana cin awa uku ko fiye, wanda a ganina ya yi yawa ga tafiyar wuni, gara a kwana a Aljesiras ko Kadis a yi sammako. Ranar Asabar da Lahadi bas-bas suna raguwa. Mai son tuƙi ya tanadi lasisin ƙasa da ƙasa da katin banki da za a riƙe kuɗin jingina a kai, ya kuma sani yawancin motocin masu giyar hannu ne. Kada ya gwada shiga tsohon gari da mota, lungunan ba su ɗauka. A ajiye ta a wajen ganuwa, in wurin mai shuɗin layi ne a biya a na'ura a sa takardar a gaban gilashi.

Bayan takarda sai iska, kuma ita ce mai gari a Tarifa. Tsaunukan Sifaniya da na Maroko sun yi wa mashigin kamar mazurari, iska in ta shigo sai ta matse ta ƙara ƙarfi. Ta gabas sunanta Lebante, ta yamma Poniyente. Poniyente daga tekun Atlantika take zuwa, da sanyi-sanyi, tana wanke sama, a ranarta ne ake ganin Afirka tangaran. Lebante kuwa takan taso da ƙarfin da ke wuce kilomita 70 a awa, ta yi kwanaki tana busawa ba hutu, ta kawo hazo irin na hunturunmu ya rufe gaɓar Maroko gaba ɗaya. A ranarta yashin bakin teku yana dukan ƙafa kamar ana watsa wa mutum tsakuwa, hula ba ta zama a kai, babbar riga tana cika kamar tanti, mayafin da ba a maƙale da fil ba sai an bi shi da gudu. Tashar Tarifa ƙarama ce, jiragenta kuma masu gudu ne marasa nauyi, shi ya sa in Lebante ta tsananta ake soke fito, a tura fasinjoji Aljesiras su hau manyan jirage zuwa Tanger Med. Tafiyar awa ɗaya sai ta koma ta awa huɗu ko biyar. Maganin shi ne a duba hasashen hukumar yanayi ta Sifaniya, AEMET, kwana biyu kafin ranar da kuma safiyar ranar. In an sa gargaɗi mai ruwan lemo ko ja a yankin mashigin, a ɗaga tafiyar. Wanda kwana uku ko huɗu ke hannunsa ya bar iska ta zaɓa masa rana, kada ya sayi tikitin da ba a canza masa lokaci.

Watannin da suka fi dacewa su ne Mayu, Yuni, Satumba da farkon Oktoba. A Yuli da Agusta garin yana cika maƙil, N-340 tana cushewa, farashi yana tashi. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba kuma lokaci ne da miliyoyin 'yan Maroko mazauna Turai ke tsallakawa gida hutu su dawo, tashoshin ɓangarorin biyu duk suna cika da motoci masu kaya a bisa. Daga Nuwamba zuwa Maris damina ce a can, da sanyi da guguwar teku.

Agogo ma yana da nasa tarkon. A lokacin sanyi agogon Sifaniya daidai yake da na Najeriya. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna ƙara awa ɗaya. Tsakaninsu da Maroko akan sami bambancin awa ɗaya, wani lokacin har biyu, musamman in azumi ya faɗo a bazara. Lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin tashar da jirgin zai tashi ne. Abin da ke rikita lissafi shi ne waya: a bakin tekun Tarifa takan kamo layin Maroko, agogonta ya koma baya da kansa, mutum yana ganin saura awa ɗaya ashe jirgi ya tashi. Mai layin Turai kuma a caje shi kuɗin ƙasar waje yana tsaye a Sifaniya. A shiga saitin waya a zaɓi layi da hannu, a kashe sauya lokaci na kai tsaye, ko a ɗaura agogon hannu a saita shi tun a jirgi. A taho da kan caja mai ƙafa biyu zagayayyu, namu mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗinsu.

Lokutan salla sun bambanta da abin da jiki ya saba. A ƙarshen Yuni rana ba ta karkata sai bayan biyu da minti ashirin, magariba tana kaiwa tara da minti arba'in na dare, lisha sai bayan sha ɗaya. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, ta faɗi shida da 'yan mintuna. Alƙibla ma sai an lura. A Gombe gabas muke fuskanta mu karkata arewa, kimanin daraja 64. A Tarifa gabas ce da ɗan karkata kudu, kimanin daraja 98. Zuciya takan ja baƙo ya fuskanci Maroko tun da can ne ƙasar Musulmi, alhali Maroko kudu take. In ka tsaya Afirka tana gabanka, alƙibla tana hannunka na hagu. Mai son Juma'a ya shirya ta a Tanja ko a Aljesiras, inda masallatai da mahauta na halal suke a unguwannin kusa da tasha. Hukuncin ƙasaru a tambayi malami tun a gida. Bayan gidansu ba buta, don haka a riƙe ƙaramar gorar roba a jaka daban da ta sha. Alwala da ruwan teku ta inganta, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne.

Garin kansa awa uku sun isa a taka shi da ƙafa. Wanda ya zo a jirgi, yana fita tasha ganuwar tsohuwar fadar garin tana bisa kansa. Wanda ya zo a bas zai gangaro titin Batalla del Salado kamar minti goma ya iso Puerta de Jerez, ƙofa ɗaya tilo da ta rage cikin tsofaffin ƙofofin gari. In ka shige ta, lunguna ne ƙanana masu daɓen dutse, gidaje farare fat da farar ƙasa, ƙofar gida a buɗe kana hango tsakar gida da tukwanen furanni. Wanda ya san tsohon birnin Kano ko Zariya zai gane hikimar: lungu mai kwana yana karya iska, yana ba da inuwa, gida kuma cikinsa yake kallo. A sa takalmi mai taushi marar santsi.

Sunan garin daga Ɗarif ɗan Malik ya samo asali, kwamandan da Musa ɗan Nusair ya aiko leƙen asiri a shekarar 710. Littattafan tarihi sun ce da jirage huɗu ya zo, da dakaru 400 da mahaya 100. Mutanenmu suna yawan haɗa shi da Ɗariƙ ɗan Ziyad, alhali mutum biyu ne. Ɗariƙ a shekara ta gaba ya tsallako, 711, ya sauka a dutsen da ke gabas wanda har yau ke ɗauke da sunansa, Jabal Ɗariƙ, wato Jibraltar. Fadar da ke bakin tasha Halifa Abdurrahman na Uku na Ƙurɗuba ya sa aka gina a 960, don tsare mashigin, kuma rubutun Larabcin da ke shaida haka yana nan a allon dutse bisa ƙofar ciki. Mai iya karatun ajami ya ɗaga kai ya neme shi, yawancin baƙi wucewa suke yi ba su lura ba. Sarki Sancho na Huɗu na Kastila ya ci garin a 1292. Bayan shekara biyu aka yi wa garin ƙawanya, aka kawo wa mai tsaron fadar, Alonso Peres de Gusman, ɗansa, aka ce ya miƙa wuya ko a yanka yaron. Labarin da Sifaniyawa ke bayarwa shi ne ya jefo wuƙarsa daga saman hasumiya, ya ƙi buɗe ƙofa. Da sunansa ake kiran fadar yanzu. Titin tashar bas kuma sunan yaƙin kogin Salado ne na 1340, inda sarakunan Kastila da Fotugal suka karya rundunar Sarkin Maroko Abul Hasan na Banu Marin da Yusuf na Ɗaya na Garnaɗa. Wannan Abul Hasan shi ne wanda Ibn Khaldun ya ba da labarin musayar jakadu da kyaututtuka tsakaninsa da sarakunan Mali, ka ga tarihin wurin bai yi nisa da namu ba kamar yadda ake zato. Kuɗin shiga fadar 'yan yuro ne kaɗan, kuma daga saman ganuwarta ake ganin tasha, da manyan jiragen dakon kaya suna bin juna a mashigin, da Jabal Musa mai tsawon fiye da mita 800 a can Maroko.

Daga fadar a bi bakin tasha zuwa hanyar da ta haɗa gari da tsibirin Las Palomas, wadda aka cike teku aka yi a 1808. A kanta akwai alluna biyu: hagu Bahar Rum, dama Atlantika. Ƙarshen tsibirin shi ne wuri mafi kudu a babban yankin Turai, amma ƙofarsa a rufe take, sai da rajista tun kafin ranar a ofishin baƙi da ke dandalin Alameda.

Wanda lokaci ya rage masa ya zaɓi ƙari ɗaya, kada ya haɗa biyu. Ko dai kwalekwalen kallon manyan kifayen teku, tafiyar awa biyu, wanda ake sokewa in iska ta yi yawa, mai saurin jiri kuma ya sha maganin amai daga kantin magani tun kafin hawa, ya zauna a tsakiya yana kallon nesa. Ko kufan garin Rumawa na Baelo Claudia a Bolonia, kimanin kilomita 22 arewa maso yamma, inda har yau ake ganin ramukan dutse da suke gishirta kifi, amma a rufe yake ranar Litinin kuma sai da mota. Ko wurin hange na Mirador del Estrecho a kan hanyar Aljesiras. Daga ƙarshen Yuli zuwa Oktoba shirwa da shaho da manyan tsuntsaye dangin shamuwa suna taruwa dubbai a saman waɗannan tsaunuka. Da iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa suke hawa sama, ita kuwa ba ta tashi a kan ruwa, shi ya sa suke neman inda teku ya fi tsukewa su tsallaka. Da yawansu Afirka ta Yamma suke nufa su yi rani.

Abinci yana son kulawa fiye da yadda ake zato, don kudancin Sifaniya ƙasar naman alade ce, kuma ba koyaushe yake fitowa fili ba. A haddace waɗannan kalmomi: cerdo, jamón, chorizo, lomo, tocino, morcilla, chicharrones, duk alade ne. Manteca kitsensa ne. Vino da jerez giya ce, ana kuma dafa miya da su. Cewa "kifi zan ci" bai wadatar ba, domin a wannan lardi akwai atún en manteca, kifin tuna da aka dafa cikin kitsen alade, sannan atún encebollado, mai albasa, galibi da giya ake haɗa shi. Croquetas yawancinsu da jamón a ciki. Salmorejo miyar tumatir ce mai sanyi, amma ana barbaɗa mata jamón a sama sai an ce sin jamón. Abin da ya fi aminci shi ne kifi gasasshe, a la plancha, ko soyayye da man zaitun, pescado frito, ko tortillitas de camarones, wainar ƙananan jatan lande da garin wake, ko tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankali. Tocino de cielo, duk da sunansa, gwaiduwar ƙwai ce da sukari. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni ake kama jan tuna a tarkon raga na gargajiya da suke kira almadraba, kalmar da ta fito daga Larabci, lokacin da kifin ke shigowa Bahar Rum ya yi ƙwai. In an zo a wannan lokaci, a ci shi gasasshe. Ba a fara abincin rana sai ɗaya da rabi, a rufe kicin wajen huɗu, ba a sake buɗewa sai takwas ko takwas da rabi. Wanda ya tsaya yawo har huɗu ta wuce zai koma da yunwa. Ƙananan kantuna ma suna rufewa daga biyu zuwa biyar. Tun 2022 doka ta tilasta wa gidajen abinci ba da ruwan famfo kyauta, a ce agua del grifo. In za a biya da kati na'ura ta tambayi kuɗin da za a cira, a zaɓi yuro, a kuma tabbatar tun a gida banki ya buɗe katin don ƙasar waje.

Bakin teku yana da abubuwa biyu da ya kamata mai iyali ya sani tun kafin ya je. Na farko, a lokacin zafi mutanen can suna kwanciya a yashi kusan tsirara, al'adarsu ce kuma doka ba ta hana ba. Wanda ba ya son haka ya je da sassafe, ko ya tsaya a kan hanyar tsibiri da saman ganuwa, kada kuma ya ɗauki hoton kowa. Na biyu, ruwan. Yana da sanyi ko a Agusta, yana da ja a ƙarƙashi saboda tekuna biyu da ke musayar ruwa ta wannan ƙofa. Iya iyo a madatsar Dadin Kowa ko kogin Gongola ba shi ne iya wannan ba. A ranar Lebante iska daga tudu take tura komai cikin teku a gaɓar Los Lances, yaro a kan robar iyo yana nisa cikin minti kaɗan. A duba tuta: kore a shiga, rawaya iya gwiwa da kulawa, ja kada a taɓa. A nisanci yankin masu wasan lema da allo a kan ruwa, igiyoyinsu suna yanka. Lambar agaji 112 ce. Iskar tana ɓoye zafin rana, mutum ba ya jin gumi alhali yana bushewa, don haka a sha ruwa kamar lita biyu, a riƙe tabarau saboda yashi da 'yar rigar sanyi saboda yamma.

Edita, akwai dalilin da ya sa na matsa a kan takarda tun farko. A wannan gaɓa ta Los Lances ne, ranar 1 ga Nuwamban 1988, teku ya turo gawar wani matashi da kwalekwalensu ya kife, abin da Sifaniyawa ke lissafawa a matsayin mutuwar farko da aka shaida ta masu tsallaka mashigin ba takarda. Daga nan ba a daina ba. A maƙabartar Tarifa akwai kaburburan da ba suna a kansu. Hoton da matafiyi zai ɗauka yana murmushi Afirka tana bayansa, a Gombe akwai yaron da zai gani ya ce ashe kusa ne. Wanda ya je ya dawo, in zai nuna hoton, ya haɗa da bayanin cewa kilomita 14 ɗin nan hanyar manyan jirage ce dare da rana, ruwanta yana ja, sanyinsa yana kashe jiki kafin a gaji da iyo, kuma tun 2002 na'urorin hange suke kallon gaɓar. Ina roƙon jaridarku, duk lokacin da za ta buga labarin yawon buɗe ido irin wannan, ta riƙa sa sharuɗɗan biza a sama.

Game da komawa, kada a ɗora shiri a kan jirgin ƙarshe ko bas na ƙarshe. A ɗauki na kusa da ƙarshe, domin in an soke shi ko ya cika a sami na baya. A duba allon tashi tun da aka sauka da safe, a sake dubawa bayan abincin rana, don iska takan juya da la'asar. Kada a sa jirgin sama na komawa gida a daren ranar ko washegari da asuba. A jaka kuma a bar kuɗin kwana ɗaya a masauki, da maganin da mutum ke sha kullum na kwana biyu, ko da an rufe tasha.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Tudun Wada, Gombe.